Amsoshin Tambayoyinku: Dogon Zama a Gida ko Komawa Dungurungum?

A wannan fitowar mun zaɓo wasiƙu uku daga 'yan uwanmu mazauna ƙetare waɗanda kewar gida ta fara yi wa yawa, kuma kowannensu yana son sanin irin takardar da za ta ba shi damar daɗewa a gida ba tare da ya yi asarar abin da ya wahala ya samu a ƙasar da yake zaune ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan asalin Zariya ne, karatu ya kawo ni Ingila, aiki kuma ya riƙe ni, yanzu na haura shekara 20 a Birmingham. Ni da maiɗakina muna da izinin zama na dindindin, amma ba mu taɓa neman zama 'yan ƙasar Birtaniya ba, saboda ina tsoron kada hakan ya raba ni da fasfon Najeriya, wanda ma wa'adinsa ya ƙare tun bara. 'Ya'yanmu uku a nan aka haife su, kuma fasfon Birtaniya kaɗai suke da shi. Na kusa yin ritaya, mahaifiyata ta manyanta, na kuma gama ginin gida a Zariya. Shin in riƙa zuwa ina yin wata shida ko takwas duk shekara ina dawowa, ko in tattara komai in koma gaba ɗaya? Kuma yaran sai sun nemi biza duk lokacin da za su zo? Daga wani mai karatu a Birmingham.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama aikinka lafiya.

Zan fara da tsoron da ya hana ka neman zama ɗan ƙasa, domin ya ɗaure maka ƙafa shekara da shekaru ba tare da dalili ba. Sashe na 28 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya nuna cewa wanda zai rasa matsayinsa na ɗan Najeriya idan ya karɓi na wata ƙasa shi ne wanda ba haihuwa ce ta ba shi matsayin ba, wato wanda ya same shi ta hanyar rajista ko ta hanyar roƙon gwamnati bayan dogon zama. Kai kuwa haifaffen Zariya ne, iyayenka 'yan ƙasa ne, saboda haka kana iya riƙe fasfo biyu ba tare da ka taka wata doka ba, ita ma Birtaniya ba ta tilasta wa kowa ya yar da ƙasarsa ta asali kafin ta karɓe shi. Wannan yana nufin cewa ta ɓangaren Najeriya ba ka da wani zaɓi da za ka yi tsakanin ziyara da zama, domin ɗan ƙasa ba ya neman izinin zama a ƙasarsa, ko mako biyu ka yi ko shekara 10 babu jami'in shige da fice da zai ƙirga maka kwanaki. Lissafin da ya kamata ka sa wa ido gaba ɗayansa na Birtaniya ne, kuma a nan ne mutanenmu da yawa suke yin tuntuɓe.

Izinin zama na dindindin da kake riƙe da shi yana mutuwa da kansa idan ka yi fiye da shekara 2 a jere a wajen Birtaniya, ba tare da an aiko maka wasiƙa ko an yi maka gargaɗi ba. Wanda hakan ta faru da shi sai ya nemi bizar dawowar tsohon mazauni tun daga Najeriya, ya biya kuɗi, ya kawo hujjojin da ke nuna cewa har yanzu yana da alaƙa mai ƙarfi da Birtaniya, kuma ana iya hana shi. Shekara 2 tana da tsawo a baki, amma mutumin da ya koma gida jinyar mahaifiya, ga hidimar biki, ga rasuwa, ga rabon gado, ba ya sanin lokacin da ta wuce. Shi kuwa matsayin ɗan ƙasa ba ya mutuwa saboda doguwar tafiya. Shawarata ta farko, wadda ta fi duk sauran muhimmanci, ita ce kai da maiɗakinka ku nemi zama 'yan ƙasar Birtaniya tun yanzu, kafin ku fara dogon zama a Zariya.

Dalilin da ya sa na ce kafin ku fara shi ne sharuɗɗan neman sun ta'allaƙa ne a kan kwanakin da mutum ya yi a waje. Ana so a ce bai yi fiye da kwana 450 a wajen ƙasar ba a cikin shekara 5 da suka gabaci ranar da ya miƙa takardunsa, kuma bai yi fiye da kwana 90 ba a cikin wata 12 na ƙarshe. Idan ka yi zaman wata takwas sau ɗaya ka riga ka karya sharaɗi na biyu, idan ka maimaita a shekara mai zuwa ka karya na farko, daga nan kuma sai ka dawo ka zauna wuri ɗaya na tsawon lokaci kafin lissafinka ya sake daidaita. Akwai jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya da shaidar iya Turanci, amma an ɗauke wa wanda ya kai shekara 65 duka biyun. Kuɗin neman yana da yawa, kuma yakan ƙaru lokaci zuwa lokaci, sai dai duk yawansa bai kai asarar izinin da ka shafe shekaru kana ginawa ba. Kafin a kai ga wannan, ka tabbata ka buɗe asusunka na intanet a hukumar shige da ficen Birtaniya, domin katin izinin zama da aka saba ɗauka a aljihu ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu bayanin izinin yana cikin kwamfuta ne kuma ana haɗa shi da lambar fasfo. Duk ranar da ka karɓi sabon fasfon Najeriya ka shigar da lambarsa a wannan asusun, in ba haka ba ma'aikatan kamfanin jirgi a Abuja ko Kano suna iya riƙe ka a gaban teburin awon kaya suna neman shaidar da ba ka da ita a hannu.

Sabunta fasfon Najeriya a yanzu ba ya yiwuwa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne saɓanin suna ko na ranar haihuwa tsakanin takardun biyu. Mutum zai zo da tsohon fasfo an rubuta Mohammed, a rajistar NIN kuma an rubuta Muhammad, ko an sa sunan mahaifi a gaba a ɗaya an sa shi a baya a ɗaya, sai aikin ya tsaya cak har sai an je an gyara. Ka duba naka harafi bayan harafi kafin ka biya kuɗi. Idan da hali ka nemi fasfo mai shafi 64 mai wa'adin shekara 10 maimakon mai shafi 32 na shekara 5, domin mai yawan zirga-zirga ba ya son komawa layi da wuri.

Maganar yara kuwa mai sauƙi ce. Sashe na 25 na kundin ya ce duk wanda aka haifa a wajen Najeriya alhali ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. 'Ya'yanka 'yan Najeriya ne tun ranar da aka haife su, abin da suka rasa kawai shi ne takardar da za ta nuna haka. Muddin da fasfon Birtaniya kaɗai za su taho, za a ɗauke su a matsayin baƙi kuma sai sun nemi biza, amma idan suka yi rajistar NIN suka karɓi fasfon Najeriya a ofishin jakadancinmu da ke Landan, sai su shiga Najeriya da koren fasfo, su koma Birtaniya da nata. Abu biyu ya kamata su sani. Na farko, mai ƙasa biyu idan yana cikin Najeriya hukuma tana kallonsa ne a matsayin ɗan Najeriya zalla, kuma taimakon da ofishin jakadancin Birtaniya zai iya yi masa idan ya shiga matsala taƙaitacce ne. Na biyu, wanda ya gama digiri kafin ya cika shekara 30 kuma yana son aiki a Najeriya, musamman aikin gwamnati, za a tambaye shi takardar hidimar ƙasa ko da a waje ya yi karatu. Ba ƙaramar magana ba ce, domin a kan taƙaddamar irin wannan takarda ce ministar kuɗi Kemi Adeosun, wadda aka haifa a Landan, ta yi murabus a watan Satumba na 2018.

Yanzu sai ainihin tambayarka, zuwa da dawowa ko komawa gaba ɗaya. A nan kuɗi da lafiya ne za su yanke hukunci, ba takardun tafiya ba. Ana biyan fanshon gwamnatin Birtaniya ga wanda ya koma Najeriya, amma ana daskarar da shi a kan adadin da yake karɓa lokacin da ya bar ƙasar, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake yi wa mazaunansu ƙarin shekara-shekara. Wanda ya ci gaba da zama a Birmingham fanshonsa zai riƙa hawa duk watan Afrilu, kai kuwa idan ka tare a Zariya abin da ka fara da shi shi za ka riƙa gani bayan shekara 15. Tallafin da ake ƙara wa tsofaffi masu ƙaramin fansho da tallafin kuɗin haya kuwa sukan tsaya idan mutum ya wuce mako 4 a waje, in ban da wasu 'yan dalilai kamar rasuwa ko jinya. Idan gidan da kake ciki na ƙaramar hukuma ne, doka tana so ya kasance shi ne ainihin mazauninka, kuma sanya ɗan haya a ciki a ɓoye laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Ina faɗin wannan ne domin na san shawara ce da abokai suke saurin bayarwa a majalisa.

Lafiya ta fi kuɗin nauyi. Asibitin gwamnati kyauta a Birtaniya haƙƙin wanda yake zaune a ƙasar ne, ba haƙƙin mai fasfo ba, saboda haka ko ka zama ɗan ƙasa, idan ka kwashe kayanka ka koma Najeriya sannan ka dawo don a yi maka aiki kawai, ana iya miƙo maka takardar biyan kuɗi. Likitan unguwa kuma ba kasafai yake rubuta wa matafiyi maganin da ya wuce na wata 3 ba, don haka mai hawan jini ko ciwon sukari da zai yi wata takwas sai ya tanadi likita da amintaccen kantin magani a Zariya ko Kaduna tun kafin ya taso. Kada kuma ka raina zazzaɓin cizon sauro don ka girma da shi. Kariyar da jiki yake samu saboda yawan kamuwa tana raguwa idan mutum ya daɗe a ƙasar da babu cutar, kuma mafi yawan masu zazzaɓin da asibitocin Birtaniya suke karɓa mutane ne da suka je ziyarar dangi a Afirka ta Yamma ba tare da shan maganin rigakafi ba.

Akwai kuma haraji. Wanda ya yi kwana 183 ko fiye a Najeriya a cikin wata 12 ana ɗaukarsa mazauni a idon hukumar haraji, kuma sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta tanadi cewa mazauni yana bayyana abin da yake samu ko daga ina ya fito. Najeriya da Birtaniya suna da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tun 1987, amma yadda za ta shafi fanshon wurin aikinka da kuɗin hayar gida, idan kana da shi, aikin akanta ne da ya san dokokin ƙasashen biyu, kuma kuɗin ganinsa na sa'a ɗaya bai kai rabin tikitin jirgi ba. Ajiyarka kuma kada ka canza ta zuwa naira gaba ɗaya. Wanda ya canza kuɗinsa a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, ya ga yadda ta haura naira 1,500 a 2024. Ka buɗe asusun kuɗin waje a bankin Najeriya, ka riƙa canza abin da za ka ci a wata. Tun 2025 Babban Bankin Najeriya ya buɗe hanyar da mazauna ƙetare za su sami lambar shaidar banki ta BVN ba sai sun zo gida ba.

Hukuncina shi ne ka fara da dogon zama, ka jinkirta komawa dungurungum har sai ka gwada shekara biyu ko uku, kuma ka yi gwajin da gaskiya. Mafi yawan mazauna waje a watan Disamba suke zuwa, lokacin sanyi da bukukuwa, ana yanka musu kaji ana rakiyarsu har mota, sai su ɗauka haka zaman yake. Ka zo a watan Maris ka zauna har damina ta sauka, ka ga yadda jikinka zai yi da zafin Afrilu, ka ga ko rufin sabon gidan yana yoyo a Agusta, ka san abin da sola da rijiyar burtsatse da man janareta suke ci, ka kuma ga yawan masu sallama a ƙofar gida da buƙata bayan an daina kallonka a matsayin baƙo. Ka saurari maiɗakinka da kyau, domin sau da yawa namiji ne yake ɗokin komawa, ita kuwa zuciyarta tana wurin jikokin da za a haifa a Ingila. Sayar da gida da rufe asusu a Birmingham kafin ka ga waɗannan abubuwa da idonka sakin reshe ne a kama ganye, alhali babu abin da yake hana ka zama kusa da Hajiya rabin shekara kana riƙe da duka biyun.

TAMBAYA: Ni 'yar Kano ce, ina zaune a Rotterdam. Lokacin da na karɓi takardar zama 'yar ƙasar Holan an buƙaci in ajiye ta Najeriya, kuma na yi hakan a rubuce. Yanzu ina son in je in zauna da iyayena kamar shekara guda. Zan iya shiga da tsohon fasfona na Najeriya tunda yana nan a hannuna? Daga wata mai karatu a Rotterdam.

AMSA: Malama, kada ki yi amfani da tsohon fasfon nan. Sashe na 29 na kundin tsarin mulki ya ce idan baligi ya bayyana a rubuce cewa ya ajiye matsayinsa kuma aka yi wa bayanin rajista, ya daina zama ɗan Najeriya daga wannan lokaci. Idan naki ya kai wannan mataki, a idon doka ke baƙuwa ce a Kano duk da cewa a can aka yanke miki cibiya, kuma shiga da fasfon da ba ki da haƙƙinsa zai iya jawo miki matsala a Najeriya, ya kuma sa hukumomin Holan su tuhumi gaskiyar ajiyewar da kika yi.

Hanyoyi biyu ne a gabanki. Ta farko ita ce bizar gajeriyar ziyara, wadda tun watan Mayu na 2025 ake nema ta intanet bayan an soke tsarin karɓar biza a filin jirgi. Wannan ta dace da hutun makonni, amma ba ta dace da shekara guda ba, kuma ma'aikatar cikin gida ta sanar da tarar dala 15 a kan kowace ranar da baƙo ya ƙara bayan ƙarewar wa'adinsa, tare da hana shiga ƙasar na wasu shekaru ga wanda ya zarce da yawa. Ta biyu ita ce izinin zama. Tsarin biza da gwamnati ta ƙaddamar a watan Fabrairu na 2020 ya ware wani rukuni na musamman domin haifaffun Najeriya da suka ajiye matsayinsu, kuma ta wannan ƙofa ce ya kamata ki bi tun daga ofishin jakadancin Najeriya da ke birnin Heg, ki riƙe takardar haihuwarki da shaidar ajiye matsayin da takardar asalin ƙaramar hukumarku. Bayan kin iso za ki kammala rajista a Hukumar Kula da Shige da Fice domin karɓar katin zaman baƙi. Idan kuma tunanin dawo da matsayinki na 'yar Najeriya ya zo miki, kada ki ɗauki wani mataki sai kin sami amsa a rubuce daga hukumomin Holan, domin dokarsu tana da tsauri a kan haɗa ƙasa biyu. Da a Jamus kike da abin ya zo da sauƙi, tunda ita ta halatta riƙe ƙasa biyu tun daga watan Yuni na 2024.

TAMBAYA: Ni 'yar Sakkwato ce, mijina Bahaushen Kumasi ne mai fasfon Ghana, muna zaune a New York da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka. Muna son mu je Najeriya mu yi kamar shekara ɗaya da rabi don mu kafa kasuwanci. Me za mu yi da katinmu, kuma shi wace takarda zai nema? Daga wata mai karatu a Bronx.

AMSA: Hajiya, dokar Amurka ta fi ta Birtaniya saurin kamawa. Idan kuka wuce wata 6 a waje za ku sha tambayoyi a filin jirgi, kuma tafiyar tana iya katse lissafin shekara 5 da ake buƙata kafin neman zama ɗan ƙasa. Idan kuka cika shekara guda, katin kaɗai ba zai ƙara shigar da ku ba. Abin da ya dace da tafiyar shekara ɗaya da rabi shi ne izinin sake shiga, wanda wa'adinsa yake kaiwa shekara 2, kuma dole ne ku nema kuna cikin Amurka, ku tsaya a ɗauki hoton yatsunku kafin ku tashi. Ku ci gaba da cike takardun harajin Amurka a matsayin mazauna duk tsawon tafiyar, domin wanda ya rubuta kansa a matsayin wanda ba mazauni ba ya ba da hujja a kan kansa cewa ya bar ƙasar.

Maigidanki kuwa, a matsayinsa na ɗan ƙasar da ke cikin ECOWAS, yana shiga Najeriya ba biza ya yi kwana 90 bisa yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, bayan haka sai ya nemi katin zama na 'yan ƙungiyar a Hukumar Shige da Fice. Aurenku ba zai ba shi damar yin rajistar zama ɗan Najeriya ba, domin sashe na 26 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya wannan dama amma bai ba mijin 'yar Najeriya ba, bambancin da masu fafutukar haƙƙin mata suka daɗe suna neman a gyara. Abin da sashe na 32 ya tanadar wa irinsa shi ne matsayi na musamman mai cikakken izinin zama, wanda ake nema ta ma'aikatar cikin gida da takardar shaidar aure. Idan ɗaurin aure kawai aka yi muku a masallaci ba ku karɓi takarda ba, ku fara neman wannan shaidar tun kafin ku sayi tikiti, domin ita ce za a fara tambayarku a kowane teburi.